Waƙar da Arzika Ya Ce a Goge

Bana shekara tara ke nan da muka kai Arzika makwancinsa, a maƙabartar gabas da ƙauyenmu, can wajen Tajaye. A ƙarshen damina ya rasu, hatsi ya fara nuna, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa yin shirun. Akwai laifin da na yi masa wanda ya kamata in faɗa da bakina tun ina da rai, kuma maganar ta shafi mutane da yawa da ba su taɓa ganinsa ba, amma muryarsa na cikin wayoyinsu.

Arzika makaɗin noma ne. Ga waɗanda suka tashi a birni, shi ne mutumin da ke rataya ganga ya bi manoma a baya ranar gayya, yana kiɗa yana waƙa, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, har wanda ya gaji ya ji ƙarfi ya dawo masa. Tare muka tashi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ni aka ɗauke ni lakwal, wato makarantar boko, shi ya bi mahaifinsa da ganga. Na zama malamin makaranta, na koyar a Bazaga da Malbaza da Illela har na ajiye aiki. Shi kuwa bai taɓa rubuta sunansa ba, amma ya san gonar kowa da kakan kowa a ƙauyuka fiye da yadda zan iya lissafawa. Tun ranar da na fara koyarwa ya daina kirana Sule, sai Mushe, kamar yadda yaran lakwal ke kiran malaminsu, yana yi yana murmushi.

Abu na farko da na saya wa kaina da na kama aiki rediyo ne mai kaset. Idan na zo hutun damina nakan bi shi gona in ɗauki kiɗansa. Yana son abin ƙwarai. Idan an tashi sai ya ce in mayar baya, ya zauna ya karkata kai yana sauraren kansa, yana gyara inda yake ganin ya yi sauri. Bai taɓa hana ni ɗauka ba, sai sau ɗaya da ya roƙe ni in goge.

Abin ya faru ne a gonar mahaifina, ranar wata gayyar maimai. Cikin manoman akwai wani saurayi da zan kira Labo, ko da yake ba sunansa ba ne. Ya girme mu da shekara biyu ko uku, mutum ne mai jiki, ba shi da yawan magana. Rana ta take, aiki ya yi zafi, sai Labo ya saki hauya ya faɗi a tsakiyar kuyya. Kafin a ankara 'yan'uwansa biyu sun ɗauke shi sun kai shi bayan wani gawo, sun tsaya sun kare shi, suka ce rana ce ta buge shi. A al'adar kiɗan noma, wanda ya bar kuyyarsa makaɗi yana yi masa zambo, don sauran su ƙara himma. Nan take Arzika ya ƙaga waƙa. Ya kira sunan Labo, ya kira na ubansa, ya kira na ƙauyenmu, ya mai da faɗuwar ta zama ta rago da ya ga aiki ya kwanta. Ba zan rubuta ko baiti ɗaya daga cikinta a nan ba. Abin da zan ce kawai, ta yi daɗi, kuma daɗin nata ne masifar. Gona ta ɗauki dariya. A cikin kaset ɗin, dariyar da ta fi fitowa tawa ce, domin ni ke riƙe da rediyon.

A wannan daminar waƙar ta shiga ko'ina. Mata na daka da ita, masu kiwo na bin awaki da ita. Bayan kamar wata guda mahaifiyar Labo ta sami Arzika shi kaɗai a ƙofar gida, ta gaya masa abin da gidansu ke ɓoyewa tun Labo na ƙarami: farfaɗiya gare shi. Sun ɓoye ne don kada a hana shi aure, kada a ƙi cin abinci tare da shi. Ba ta yi faɗa ba, ta gaya masa ta tafi.

Na koma aiki Illela a lokacin. Ranar kasuwa sai ga Arzika a ƙofar ɗakina, ba ganga, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ya ce, “Mushe, kaset ɗin gonar Baba, tana nan?”

Na ce tana nan.

Ya ce, “Ka goge ta. Na yi ma mutum zambo bisa ciwon da Allah ya ɗora mai. Na tahi na roƙe shi gahwara, ya yahe min. Ni na bar ta har abada. Sauran wadda ag gare ka.”

Na ce masa in sha Allahu zan goge. Da na je gida hutu na gaba ya tambaye ni, na ce na goge. Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Ƙarya na yi masa. Dalilina, a gayyar nan aka ɗauki muryar mahaifina, yana kiran a kawo wa manoma fura, yana sa wa mutane albarka da aka tashi. Bai ga wata daminar ba. Duk duniya babu inda muryarsa take sai cikin wannan kaset, kuma maganarsa ta sarƙe da kiɗan, wani wurin ma a tsakiyar waƙar zambon take. Na ce a raina zan kulle ta cikin akwati, ba mai ji sai ni. Na ɗauka ɓoyewa da gogewa duk ɗaya ne.

Arzika ya cika alkawarinsa. Shekaru da yawa manoma masu hali sun sha roƙonsa ya yi waƙar a gonarsu, sai ya ce ya manta ta. Kuma waƙar baka tana da wata rahama da ban gane ba sai daga baya: idan mai ita ya bar ta, tana mutuwa. Cikin 'yan shekaru masu daka suka sami sababbi, yaran da suka taso ba su san ta ba. Labo ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya zama dattijon da ake sallama wa a ƙofar masallaci. Waɗanda suka tuna suka yi shiru, domin zuwa lokacin an fahimci abin da ke akwai.

Shekara biyu bayan rasuwar Arzika, matarsa Rabi ta aiko a kira ni. Ta ce, “Malam Sule, an ce kana da muryar abokinka. Ina so jikokinshi su ji. Ni ma ina so in ji.” Rediyona ya daɗe da lalacewa, kaset ɗin sun fara cin zare. Aka ce mini a Konni, kusa da tasha, akwai masu shaguna da ke juya kaset zuwa memori, ɗan katin nan da ake sa wa waya. Na kwashi akwatin na tafi. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa mantawa na yi da ta gonar Baba tana ciki. Ban manta ba. Ina so in sake jin mahaifina, shi ya sa na bar ta. Na ce wa mai shagon ya yi mini kati biyu, na Rabi ban da wannan kaset, nawa da ita, kuma kada ya ajiye komai. Ya ce to. Na bar shi da ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, na shiga kasuwa.

Ba zan ɓoye alherin da ya biyo baya ba. Ranar da na kai wa Rabi katin, ta rufe fuska da mayafi ta saurara tun daga farko har ƙarshe. 'Yarsu da ke aure a Malbaza ta sa an tura mata a wayarta. Bayan wani lokaci na fara jin waƙoƙin noman Arzika a wuraren da ban kai su ba: a shagon tela, a amalanken jaki, a wajen masu shayi. Wani ɗan ƙauyenmu da ke cin rani a Libiya ya aiko cewa a can ya ji su a wayar wani Bahaushe, ya ji an kira sunan kakansa, ya zauna ya yi kuka. Na san mai shagon bai cika alkawari ba, amma ban damu ba. Har daɗi na ji. Abin da ya ɗan sosa mini rai kawai, ba a sa sunan Arzika. A wata wayar an rubuta “tsohon makaɗi”, a wata an ce wani Basakkwace ne.

Bara waccan, da hantsi, ina tashar Malbaza ina jiran mota, sai na ji waƙar zambon nan. Daga wayar wani ɗan kabu-kabu take fitowa. An ɗora mata kiɗan fiyano, an yanke farko da ƙarshe, an bar daidai inda sunan Labo yake ana maimaitawa. Muryar mahaifina ba ta ciki, an cire. Dariyata tana ciki. Na tambayi mai wayar inda ya samo ta, ya dube ni da mamaki, ya ce ai ita ake yayi. Ya nuna mini bidiyo a intanet: samari na riƙe da hauya, idan an zo wurin sunan sai su zube ƙasa suna shure-shure. Ba su san komai ba. Shure-shuren nan don ban dariya suka ƙara shi, ba su san sun kwaikwayi ainihin abin da ya faru a bayan gawon ba.

Ba a yi wata biyu ba babban ɗan Labo, Garba, ya zo gidana. Magidanci ne mai natsuwa, na koyar da shi a aji uku. Ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce mahaifinsa ya daina zuwa kasuwar Illela, wadda bai taɓa fashi ba. Ya ce ranar ƙarshe da ya je, wani ya gane shi ya kunna waƙar a bayansa. Ya ce tsofaffin da suka yi shiru shekara da shekaru yanzu ana tambayarsu labarin, wasu kuma suna bayarwa, har maganar ciwon ta fito. Ya ce a gari ana cewa iyalan Arzika ne suka sayar da ita, matan gidansu sun daina gaisawa da Rabi.

Ya ce, “Mushe, kai ka san mutane. Ka taimake mu mu gane wanda yah hid da ita.”

Na ce masa ni ne. Na gaya masa duka, tun daga ranar da Arzika ya same ni a Illela. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Da wani ne da na san abin da zan ce.” Ya tashi ya sa takalmansa.

Na fara da Rabi, domin ita aka ɗora wa laifina. Na faɗa a gaban mai gari da dattawa cewa ba ta san da waƙar a cikin akwatin ba. Ita abin da ta ce mini kaɗan ne: “Ya mutu yana yaba ka a kan ka goge.” Na dawo gida na ƙone kaset ɗin, na karya katina. Na san aikin banza nake yi, amma na yi.

Sannan na koma Konni wajen mai shagon. Bai yi musu ba. Ya ce duk abin da aka kawo masa yana ajiyewa, sana'arsa ke nan, mutane na zuwa a cika musu kati da tsofaffin waƙoƙi. Ya ce, “Alhaji, da ban ajiye ba, da mutumin nan ya mutu cikin akwatinka. Yanzu har ƙasar waje ana jin shi. Waƙa ai ta kowa ce.” Na ce masa mai ita ya ce a goge. Ya ce shi ba a gaya masa haka ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya goge a gabana daga ordinatar, ya ce ba shi ya sa fiyanon ba, bai ma san wanda ya sa ba.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ya karanci shari'a, na kai masa maganar. Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a doka waƙa ta wanda ya yi ta ce, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, bayan ransa kuma ta magadansa ce. Ya ce kwafe ta a baza ba da izininsu ba laifi ne, cire sunan mai ita laifi ne, yanka ta a ɗora mata wani kiɗa shi ma haka. Ya ce ana iya rubutawa a nemi masu shafukan su sauke bidiyon, wasu za su sauka, gobe wasu su hau. Amma waya da waya, wa za a kai ƙara wajen jandarma? Na tambaye shi to a doka wa ya fara laifin. Ya ce, “Mushe, wanda ya fara miƙa ta ba da izinin magada ba,” sai ya kama gyara takardun gabansa.

Tun daga lokacin nake tunanin me Arzika zai ce da wannan zamani. Na san zai so wayar nan. Mutumin da ke cewa a mayar masa baya ya ji kansa, da ya ji an ce ana sauraronsa a Libiya, da ya kwana uku yana ba da labari. Ban taɓa jin ya ce waƙarsa kaya ce ta sayarwa ba. A gona ake ba shi dami, a gona ake ba shi akuya, waƙar kuma duk mai so ya ɗauka ya rera. Amma akwai abubuwa biyu da ba zai yarda da su ba. Na farko a cire sunansa, domin shi bai taɓa rera waƙar mahaifinsa ba sai ya ce ta mahaifinsa ce. Na biyu a hana shi janye maganarsa. A ganinsa wanda ya yi waƙa shi ke ɗauke da nauyinta gaban Allah, don haka shi ke da ikon cewa ta isa haka. Mu da muke turawa mun karɓe masa wannan ikon, nauyin kuma mun bar masa. Idan aka yi maganar haƙƙin mawaƙa a rediyo, kullum batun abin da za su samu ake yi, kuma gaskiya ne, ana cin guminsu. Ba na jin ana maganar wanda ya tuba daga wata magana, ya roƙi gafara, aka yafe masa, sannan bayan ya mutu aka mayar da maganar bakinsa, yana faɗarta kullum a wayoyin da ba iyaka, ba shi da halin yin shiru.

Ban ce kowa ya daina tura waƙa ba. Ni kaina yawancin abin da nake ji turo mini aka yi. Amma na koyi tambaya kafin in danna: ta wa ce, ya yarda, kuma sunan wa ke ciki? Wanda waƙar nan ke cikin wayarsa ya gane wadda nake nufi. Ina roƙonsa don Allah ya goge. Ba umarnina ba ne, na mai ita ne, ni kawai na makara da isar da shi shekaru masu yawa.

Labo ne na ƙarshe da na je wurinsa, don shi na fi jin tsoro. A farkon daminar bana na same shi da safe a ƙofar gida, yana gyara ƙotar hauya. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya bar ni na gama. Ya ce Garba ya gaya masa, kuma ba zai ce bai ji zafi ba, domin ya ɗauka zai mutu ba tare da jikokinsa sun san wannan ranar ba. Ya ce ya yafe mini, amma kasuwa ba zai koma ba. Na yi godiya zan tashi, sai ya ce in zauna.

Ya ce, “Kai kana lakwal, ba ka san wanga ba. Tun shekarar nan, ba a barina in tahi gona ni ɗaya, kada abin ya taso min ba kowa. 'Yan'uwana kowa da tashi gona. Arzika ya ka zuwa. Ran da ba shi da gayya, da sahe sai in ishe shi bakin gonata da hauya. Ba ganga. Mu yi noma har azahar, shi tahi. Sau ukku abin ya kama ni gabanai, shi ya riƙe min kai, shi ya share min baki, kuma ko matatai bai gaya ma ba. Har shekarar da yar rasu yana zuwa.”

Na tambaye shi shekara nawa ke nan. Ya ce bai ƙirga ba, amma an fara kafin a haifi Garba.

Abokina ne tun muna yara, na ɗauki muryarsa a kaset fiye da kowa, ina ganin babu abin da ban sani ba game da shi, amma ban san wannan ba. Babu wanda ya ɗauka, babu wanda ya tura wa wani. Mutum ɗaya ne ya sani, ya riƙe abinsa, kuma ya ba ni izini in rubuta, na tambaye shi har sau biyu.

Da zan tafi ya raka ni bakin hanya yana dogara ƙotar. Ya ce bana Garba ne zai riƙa raka shi gona, amma Garba akwai surutu, ga waya a aljihu. Sannan ya ce, “Shi wancan, sai mu kai azahar bai ce uffan ba. Makaɗi guda. Allah shi jiƙan Arzika.”

Na ce amin.